Bayan Ritaya, Wa Zai Riƙe Wa Mutum Agogo?

Litinin ta farko bayan ajiye aiki tana da daɗin da ba a mantawa. Ƙararrawar agogo ba ta kaɗa ba, in ma ta kaɗa an kashe ta an gyara kwanciya. Ba cunkoson hanya, ba shugaban da zai dubi agogo sannan ya dube ka. Amma ba a wannan Litinin ake gane komai ba, sai an kai ta goma ko ta ashirin. A nan ne wani yake tsintar kansa ƙarfe sha ɗaya na safe da kayan barci a jiki, yana tambayar mutanen gida, "Wai yau Talata ce ko Laraba?" Wani kuwa ya cika kalandarsa da taruka da kwamitoci da ziyarce-ziyarce, har yana faɗa da alfahari cewa yanzu ya fi lokacin da yake aiki rashin sukuni. Tambaya ɗaya ce ta sha musu kai su biyun: nawa ne daga cikin yini ya kamata a ɗaure da agogo, nawa kuma za a sake?

Mu fara da lissafi, domin mutane da yawa ba su san girman filin da ake miƙa musu ba. Mako yana da awa 168. In an cire barcin awa takwas kullum, saura 112. Ma'aikacin da yake yin awa takwas sau biyar a mako ya ba da 40, in an haɗa da shiri da zuwa da dawowa abin yakan kai 50. Kusan rabin lokacin da idonsa yake buɗe ke nan, kuma duk a rana ɗaya ake dawo masa da shi. Ba kuma na ɗan lokaci ba ne. Sa'ad da Otto von Bismarck ya kafa fanshon tsufa na gwamnati a Jamus a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 ake fara biyansa, kuma ba kowa yake kaiwa ba; a 1916 aka sauko da shi zuwa 65. Yau wanda ya kai sittin, a matsakaicin lissafin duniya, yana da kimanin shekara ashirin a gabansa. Kwana 7,300 ke nan. Ba hutun ƙarshen mako ba ne da za a ce a kwanta har ya wuce.

Abin da ya fi bayyana mini yadda rashin tsari yake cin mutum bai ma shafi 'yan fansho ba. Wani ƙauye ne kusa da babban birnin Ostiriya, ana ce masa Marienthal, wanda rayuwarsa duka ta rataya a kan masaƙa ɗaya. Masaƙar ta durƙushe a tsakanin 1929 da 1930, akasarin gidajen garin suka rasa abin yi. Wasu masu bincike, cikinsu da Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka shiga garin suna lura, suka fitar da sakamakon a 1933. Hankali zai ba mutum cewa wanda ya samu lokaci mai yawa zai yi karatu, ya shiga ƙungiya, ya gyara abin da ya daɗe yana son gyarawa. Akasin haka aka gani. Aron littattafai a laburaren garin ya ragu, alhali an daina karɓar kuɗin aro. Da masu binciken suka laɓe suna auna tafiyar mutane a kan titi, sai suka ga maza suna jan ƙafa, suna tsayawa nan da can ba dalili. In an ba su takarda su rubuta yadda yininsu ya wuce, sai su kasa cike gurabe: an tashi, an ci na rana, an kwanta, tsakani kuwa babu abin faɗa. Matan garin ba su shiga wannan halin ba, saboda girki da wanki da hidimar yara ba su rufe tare da masaƙa ba. Har ƙorafi wasu matan suke yi cewa mazajen, waɗanda ba inda za su, ba sa dawowa cin abinci a kan lokaci.

Daga baya Jahoda ta tattara darasin ta ce aiki yana ba mutum abubuwa biyar a ɓoye, bayan albashi: yana yanka masa yini gida-gida, yana haɗa shi da mutanen da ba na gidansa ba, yana sa shi cikin wata manufa da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, yana ba shi suna da matsayi, yana kuma tilasta masa motsi. Ba na cewa ritaya da rashin aikin yi abu ɗaya ne. Mutanen Marienthal suna fama da talauci da kunya, ɗan fansho kuwa ya gama nasa ne aka sallame shi da mutunci. Amma fansho albashi kawai yake maye, shi ma ba duka ba. Sauran biyar ɗin ba ofishin da zai riƙa turo su ƙarshen wata.

Abin da yake faruwa da lokacin da ba shi da shinge, wani marubuci ɗan Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya zana shi a 1955 cikin raha. Ya ce aiki yakan kumbura har ya cika duk lokacin da aka ba shi, misalin da ya kawo kuwa na wata dattijuwa ce mai hutu wadda take cinye yini guda wajen aika kati ɗaya ga 'yar ɗan'uwanta: neman katin, neman tabarau, neman adireshi, rubutun kansa, sannan shawarar ko za ta ɗauki lema. Mai uzuri zai gama wannan cikin minti uku. Duk wanda ya taɓa zama da mai ritaya ya san dattijuwar nan. Biyan kuɗin wuta ya zama aikin ranar Alhamis gaba ɗayanta. Abin da ya rage na yinin kuma akwai mai jiransa: alƙaluman yadda Amurkawa suke amfani da lokaci sun daɗe suna nuna cewa waɗanda suka haura 65 suna kallon talabijin fiye da awa huɗu a rana. Yanzu wayar hannu ta zo ta kama wa talabijin aiki.

To, in haka ne sai a zana jadawali a cike shi tam? A nan ne ɗaya ramin yake, kuma ya fi wuyar gani domin yabo ake yi wa wanda ya faɗa cikinsa. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, David Ekerdt, ya rubuta a 1986 cewa al'ummar da ta ɗauki aiki a matsayin ma'aunin darajar mutum ba ta sakin ɗan fansho haka nan, sai ta ɗora masa wata sabuwar ƙa'ida: ya riƙa nuna cewa bai zauna ba. Shi ya sa tambayar farko da ake yi masa ita ce, "To yanzu me ake taɓawa?" Shi kuma, gudun a ce yana zaman kashe wando, sai ya jero ayyuka. Da yawa daga cikin kalandun da suka cika maƙil ba don mai su aka cika su ba, don masu tambaya ne. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana bauta wa agogon wani, ya fito ya ƙera nasa ya ci gaba da bauta masa, ba albashi.

Akwai kuma illar da agogo yake yi wa nishaɗi kansa. Gabriela Tonietto da Selin Malkoc, masu bincike a Amurka, sun wallafa jerin gwaje-gwaje a 2016 da suka nuna cewa da zarar an yanka wa abin nishaɗi takamaiman lokaci, sai ya fara ɗanɗanon aiki: ɗokinsa ya ragu, daɗinsa ma ya ragu. A ɗaya daga ciki sun raba wa ɗalibai masu shirin jarrabawa tikitin shan kofi kyauta. Wasu an sa musu ƙayyadadden lokaci, wasu an ce su zo duk sa'ad da suka ga dama cikin tazarar awa biyu. Na biyun sun fi jin daɗin hutun. Abin sha ɗaya, wuri ɗaya, bambancin kawai shi ne wani ya zo ne don lokaci ya yi, wani don ransa ya so. Sun kuma gano cewa tsarin da ba a ƙulle shi da minti ba, irin "da yamma" ko "bayan an ci abinci", ba ya rage daɗin. Waɗannan masu binciken dai, a wani aikin da suka yi daga baya, sun nuna abin da kowa ya sani a jikinsa: awar da take gaban wani alƙawari ta fi sauran awoyi gajarta a zuciya, mutum ba ya iya fara wani abin kirki a cikinta. Ke nan alƙawari uku da aka warwatsa a yini ba awa uku suke ci ba, yinin suke ci.

Masu son adadi suna da ɗan abin kamawa. A 2021 Marissa Sharif da Cassie Mogilner da Hal Hershfield sun duba bayanan Amurkawa sama da 21,000 game da yadda suka kashe yininsu da yadda suke jin rayuwarsu. Jin daɗi yana hawa yayin da lokacin sakewa yake ƙaruwa har zuwa kimanin awa biyu a rana, daga nan ya daidaita, in ya wuce kimanin awa biyar sai ya fara sauka. Kada a ɗauki wannan kamar awon magani. Saukar ba mai tsanani ba ce, kuma matsakaici ne na dubban mutane masu hali daban-daban. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne sharaɗin da suka gano: in lokacin mai yawa an yi shi ne tare da mutane, ko a kan abin da mutum yake ganin yana da amfani, saukar tana raguwa ko ta ɓace. Ɗan fansho yana iya samun awa bakwai ko takwas na sakewa kullum. Ba sai ya rage su ba, sai dai kada duka su zama iri ɗaya.

Ni yadda nake kallon lamarin, yini kamar rumfa ne. Rumfa tana buƙatar dirkoki kaɗan masu ƙarfi da aka kafa a wurin da ya dace. In babu su rufin zai faɗo. In kuma aka kafa arba'in, rumfar za ta tsaya daram amma ba inda za a shimfiɗa tabarma. Saboda haka tambayar "nawa" ba ta kai tambayar "wanne" muhimmanci ba. Abin da ya cancanci a sa masa ƙarfe kaza shi ne abin da ba zai faru da kansa ba.

Na farko lokacin tashi daga barci. Wannan ba zancen tarbiyya ba ne, zancen jiki ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun jijiyoyi da yake aiki kamar agogo, zagayensa ya ɗan zarce awa 24, hasken safe ne yake saita shi kowace rana. Bayanin yadda wannan agogo yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta shi ya jawo wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Da tsufa barci yakan yi sauƙin katsewa. In aka haɗa wannan da tashi yau ƙarfe shida gobe ƙarfe goma, da doguwar ƙailula da ta cinye la'asar, sai dare ya zama na juye-juye, safiya ta zama ta kasala, abin ya yi ta zagayawa. Likitocin barci, in mutum ya je musu da wannan kuka, abin da suke fara gyarawa shi ne lokacin tashi. Ba dole ya zama na zamanin aiki ba. Mai son ya ƙara awa guda ya ƙara, ai ya biya kuɗinta. Ya dai zama ɗaya kullum.

Na biyu motsa jiki. Ma'aikaci, ko na tebur ne, yana tafiya ba da saninsa ba: zuwa bakin hanya, hawa bene, leƙa ofishin wani. Ritaya tana share wannan shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku don gudun faɗuwa. Minti 150 tafiyar rabin awa ce sau biyar. A takarda ba komai ba ne, amma irin abin nan ne da ake cewa "anjima" har rana ta faɗi. Peter Gollwitzer, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya shafe shekaru yana nuna cewa wanda ya ƙayyade yaushe da ina zai yi abu ya fi wanda ya ƙulla niyya kawai cikawa. Ga inda binciken nan nasa da na Tonietto da Malkoc suke haɗuwa, ba sa karo: agogo yana rage daɗi amma yana ƙara aikatawa. Sai a kashe shi a kan abin da ake gudu, a bar abin da ake so ya zo da ƙafarsa. Ba wanda yake buƙatar ƙararrawa ta tuna masa ya saurari shirin da yake ƙauna ko ya yi wasa da jika.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran saurin zubewa, shi ne mutane. Abokan aiki ba a gayyato su ba, kullum ana tarar da su ne. Ranar da aka daina zuwa, sai a gane cewa da yawa daga cikin zumuncin nan gini ne ya riƙe shi. "Sai mun haɗu" tsakanin mutum biyu da kowannensu ba shi da uzuri yana iya ɗaukar wata shida, domin abin da za a iya yi kowace rana ba shi da rana. Binciken jami'ar Harvard da yake bin rayuwar mutane tun 1938 ya nuna cewa kyawun dangantaka yana cikin manyan abubuwan da suke hasashen lafiya da kwanciyar hankali a tsufa, shugabansa na yanzu Robert Waldinger kuma ya bayyana cewa waɗanda suka fi jin daɗin ritaya su ne waɗanda suka tashi tsaye suka maye gurbin abokan aiki da sababbi. Wannan yana son rana tsayayya, da wurin da in ba a gan ka ba za a tambaya. Koyarwa, aikin sa kai, ajin koyon wata sana'a, zaman ibada tare da jama'a, tafiyar safe da maƙwabci: kowanne ya yi, muddin akwai mai jiranka.

In an lura, wannan tsarin ya fi dacewa da mako fiye da yini. Abu biyu ko uku tsayayyu kullum, sannan kwana biyu ko uku a mako da suke da fuskarsu daban. Amfanin haka ya wuce cika lokaci. Ranakun da suka yi kama da juna ƙwaƙwalwa takan naɗe su wuri guda, shi ya sa mai zaman gida yake ganin yini ya ƙi ƙarewa amma shekara ta wuce kamar ƙiftawar ido. Asabar ma daɗinta daga Litinin yake. In kowace rana Asabar ce, babu Asabar. Ina kuma ganin hikima a tattara alƙawura gefe ɗaya na yini, a bar ɗaya gefen a buɗe, maimakon a yayyafa su daga safe zuwa dare.

Akwai wani dalilin kafa dirkoki da ba a cika faɗa ba: fili in ba shinge, kowa hanyarsa ce. Da zarar an ji mutum ya yi ritaya, sai lokacinsa ya zama na jama'a. "Ai Baba yana gida, a kai masa yaran." "Mama ba ta zuwa ko'ina, ta jira mai gyaran famfo." Kowace buƙata ƙarama ce, kuma daga wanda ake ƙauna take, shi ya sa ƙin ta yake da nauyi. Taimakon 'ya'ya da jikoki yana iya zama mafi daɗin abin da ke cikin mako, in mutum shi ya zaɓa kuma ya san iyakarsa. Amma wanda yake da abin yi ranar Laraba da safe yana da amsar da ba ta ɓata zumunci: "Laraba ba na nan, kawo su Alhamis."

Sai abokin zama. Wanda ya dawo gida ya zauna yakan manta cewa gidan yana da nasa tsarin tun kafin ya dawo, kuma wani ne ya gina shi. A Japan har suna aka sa wa matsalar: wani likita, Nobuo Kurokawa, ya bayyana a 1991 yadda wasu mata suke zuwa da ciwuka masu nasaba da damuwa bayan mazajensu sun yi ritaya sun tare a gida. Mutumin da ya saba ba da umarni a ofis, in bai samu inda zai kai wannan hali ba, kicin zai kai shi. Jadawalin mai ritaya ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma wani lokaci mafi alherin abin da ke cikinsa shi ne awannin da yake fita.

Game da yaushe za a fara, ba na goyon bayan gaggawa. Robert Atchley, wanda ya yi nazarin ritaya tun shekarun 1970, ya lura cewa mutane da yawa sukan bi matakai: ɗokin farko, sannan wani sanyin jiki in ɗokin ya lafa, sannan sake lale, sannan a daidaita. Ba kowa yake bin su duka ba. Amma darasin a fili yake: alƙawarin da aka ɗauka a watan farko, ko don ɗoki ko don tsoron zaman banza, mutumin da bai gama sanin sabuwar rayuwarsa ba ne ya ɗauke shi. Shugabancin kwamiti na shekara uku yana da sauƙin karɓa, yana da wuyar ajiyewa. Wanda ya fito daga aiki mai gajiyarwa ya huta watanni, bashi ne jiki yake karɓa. Ya dai riƙe lokacin tashi da tafiyarsa tun daga makon farko, domin su ne suka fi wuyar dawowa in sun kuɓuce. Sabuwar ɗabi'a ma ba ta kama jiki da wuri: Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun samu cewa takan ɗauki kimanin kwana 66, wasu 18 sun ishe su, wasu sai sun haura 250.

Hali ma ya bambanta. Akwai wanda fili a kalanda yake tayar masa da hankali, akwai wanda rubutu a cikinta yake shaƙe shi. Tsohon soja da tsohon mai zane ba za su kafa dirkoki iri ɗaya ba, wanda yake zaune shi kaɗai kuma yana buƙatar fiye da wanda gidansa yake cike da hayaniya. Alamomin dai ba sa ɓuya. In mutum ya kasa tuna abin da ya yi shekaranjiya, ko ya kwana uku bai yi magana da kowa ba sai na gida, ko barcinsa ya watse, tsarin ya yi kaɗan. In kuwa an kira shi an ce an ɗage taron gobe ya ji wani sanyi a ransa, kuma hakan ya faru sau biyu sau uku, wannan taron ya gama amfaninsa. In rashin sha'awar komai ya zarce makonni biyu, ga rashin barci ko rashin cin abinci, wannan ya wuce matsalar jadawali, likita ya kamata a gani.

Tsarin da ya yi daidai a shekara 62 ba zai yi a shekara 78 ba. Gwiwa takan rage nisan tafiya, ido ya hana tuƙin dare, ranakun asibiti su shigo su kafa nasu dirkokin ba tare da neman izini ba, wani lokaci jinyar abokin zama ta karɓe makon gaba ɗaya. A irin wannan hali abin da mutane suke fara yankewa shi ne fita wurin jama'a, domin shi ya fi wahalar shiri, alhali shi ne wanda in ya tafi bai cika dawowa ba. Gara a rage masa tsawo, ko a matso da shi kusa da gida, ko a ce wa abokan su riƙa zuwa, ranar dai ta zauna yadda take.